Maigidana ba ya iya cin komai sai ruwa-ruwa: ƙarin ruwa zai riƙe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Maigidana shekararsa 46, ya daɗe da gyambon ciki. Yanzu da ya ci tuwo ko shinkafa sai amai. A asibiti an ce mafitar tumbinsa ta tsuke, an ce ya tsaya kan abinci mai ruwa-ruwa kafin a leƙa cikin da na'ura. Sati uku ke nan koko da shayi kawai yake sha, ya rame har ya dawo kilo 55. 'Yan'uwansa sun ce a riƙa kiran mai kemis yana sa masa ƙarin ruwa a gida, a kuma ba shi malt da madara. Wallahi hankalina a tashe yake. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya. Ramar da kike gani yunwa ce. Mutum mai kilo 55 da ke jinya yana buƙatar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) 1,700 zuwa 1,900 a rana, da furotin (sinadarin gina jiki) giram 65 zuwa 80. Kofin koko tsararo kuwa kalori kusan 100 ne, furotin giram 2 ko 3. Ko kofi shida ya sha, bai kai rabin buƙatarsa ba.

Bari in fara da maganar ƙarin ruwa, don ita ce ke cin rayuka. Ƙarin ruwa ba abinci ba ne. Ledar ruwan sukari ta rabin lita, wadda aka rubuta 5% a jikinta, sukarin da ke ciki giram 25 ne, wato kamar ƙaramin cokali shida. Kalori 100 ma bai cika ba, furotin kuwa babu ko ɗigo. Ledar ruwan gishiri ko wannan ba ta da shi. Kafin ya samu abincin yini guda ta wannan hanya sai an ɗura masa leda kusan 20, lita goma ke nan, kuma kafin a kai nan ruwa ya cika masa huhu. Wannan mai launin rawaya da ake kira "mai ƙara ƙarfi", bitamin B ne aka tsiyaya a ciki ya canja kala, kuɗinsa ya ninku.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, mai yawan amai irin na maigidanki yana zubar da sinadarin fotasiyom da kuloraid. Mai kemis ba ya gwada jini, bai san abin da ya ragu ba. Ya rataya ruwan sukari a ƙusa, sukarin ya ƙara jan fotasiyom ƙasa, bugun zuciya ya rikice. Haka nan wanda ya yi makonni cikin yunwa da amai, bitamin B1 na jikinsa ya ƙare. A zuba masa sukari a jijiya ba a fara ba shi B1 ba, sai ya ruɗe, idanu su riƙa rawa, tafiya ta gagara. Daga nan a ce iska ce, a nufi wajen mai ruƙiyya. Idan yana buƙatar ƙarin ruwa, to yana buƙatar gado a asibiti da gwajin jini. Wanda ya ce zai yi masa a ɗaki, kuɗinku yake so.

Malt kuma ruwan sukari ne mai gas, zai kumbura tumbin da dama ba ya sakin abin da ke cikinsa. Madarar ce mai amfani, a ba shi ita ba tare da malt ba. Ki kuma ajiye kunun kanwa da jiƙon kanwa da ake ba masu ƙwannafi: aman ya riga ya kwashe ruwan tsamin cikinsa, jininsa ya karkata ɓangaren kanwa, ƙara masa ita ƙara wa wuta mai ne.

Ga yadda za ki haɗa. A kofin koko ko kunu guda, kwatan lita, ki zuba babban cokali huɗu na madarar gari mai cikakken mai, da cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai laushi, da ɗan sukari. Kofin ya tashi daga kalori 100 zuwa kusan 350, furotin giram 13. Huɗu a rana. Ki duba gwangwanin, don akwai farin garin shayi da ake sayarwa kamar madara alhali mai ne da sukari. In kunun ya yi kauri kada ki tsinka shi da ruwa. Ki jiƙa gero ya tsiro, ki shanya, ki murje tsiron, ki niƙa. Ƙaramin cokali ɗaya a kunu mai ɗumi zai tsinka shi cikin mintoci kaɗan, sai ki sake tafasawa.

Sau biyu a rana kuma a ba shi miya. Romo zalla ɗanɗano ne kawai, naman ne abincin. Ki dafa tsokar kaza ko kifi mara ƙaya kamar rabin tafin hannu, da dankalin Turawa da kabewa ko karas, su yi luguf, ki niƙa a blanda da romon da ƙaramin cokali biyu na man gyaɗa, ki tace da rariya mai laushi. Ki sa gishiri daidai, ban da barkono da yaji. Tacewar dole ce: zaren ganye, ƙwayar tumatir, ɓawon wake da dusa suna dunƙulewa su toshe 'yar ƙofar da ta rage. Ƙwai a dafa shi kafin a niƙa, kada a fasa ɗanye a madara. Nonon da ba a tafasa madararsa ba, kada a ba shi. Tsakanin waɗannan ya riƙa kurɓar ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari, da tataccen ruwan gwanda ko kankana. Ki roƙi likitansa ya rubuta masa bitamin na ruwa.

Kada ki kai shi wannan adadin rana ɗaya. Bayan sati uku na yunwa, cika ciki farat ɗaya yana iya kayar da sinadaran jini. Ki fara da rabin kofi duk bayan awa biyu, ki ƙara a hankali cikin kwana biyar zuwa bakwai, kuma a gwada masa fotasiyom a farkon makon. Ya sha a zaune, kada ya kwanta sai bayan awa ɗaya ko biyu. Abin da ya wuce awa biyu a waje ba a firji ba, a zubar. A auna nauyinsa duk sati.

Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗin "maganin gajiya", ya daina su gaba ɗaya. Sannan ku matsa a yi leƙen cikin da wuri a ɗebi tsoka a gwada, domin ba gyambo kaɗai ke tsuke wannan wuri ba, ciwon daji ma yana yi. In ya fara aman ko da ruwa, ko amai baƙi-baƙi, ko kashi baƙi kamar kwalta, ko fitsari ya ragu sosai, ko yatsunsa na ƙandarewa, ko magana ta fara rikicewa, ku tafi sashen gaggawa a daren, kada ku jira ranar da aka ba ku.