Amsa: Yarona ya koma mantuwa tun bayan hatsarin babur

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ƙara masa lafiya. Kin ce an sallamo shi, ciwon kan ya warke amma sai mantuwa da saurin fushi, malamai kuma suna cewa wai lalaci ne. Wallahi ba lalaci ba ne, don Allah a daina dukansa, ƙwaƙwalwar da ta bugu saurin gajiya take yi.

Ki fara da natsuwa kafin hadda, minti 10 zuwa 15 ya isa, a kashe talabijin a ajiye waya, sai ya huta. Aike ɗaya a lokaci ɗaya, "ɗauko buta", in ya kawo sannan ki faɗi na gaba, kar ki jero masa uku. Ki manna masa jadawali a bango da hotuna, salla, wanka, makaranta, yana yi yana sa alama da kansa. In zai kuskure ki taimaka masa tun kafin ya faɗi ba daidai ba, saboda kuskuren ma yana zama a kai.

Ki lura da shi ko ya shiga sakandare, gaban ƙwaƙwalwa sai wajen shekara 25 yake gama girma, wata matsalar sai daga baya take fitowa. Ki nemi likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin koyarwa, in kuma kin ga farfaɗiya ko yawan amai kar ki jira ranar kilinik.