Ku Tambayi Anti: Suyar kaza da kashu irin ta 'yan Chaina ga masu rage sitaci

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Likita yace sugana ya fara hawa, in rage shinkafa da kayan fulawa da zaƙi, toh ni kuma akwai wata suyar kaza da kashu da nake ci a gidan abincin 'yan Chaina wadda wallahi raina yana sonta sosai. Zan iya yinta a gida ba tare da ta cutar dani ba? Wata ƙawata tace kashu ɗin ma haramun ne ga mai rage sitaci, wai in cire shi gaba ɗaya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Zaki iya mana, kuma kar ki cire kashu ɗin, in kika cire shi ai kin koma wani girkin daban. Ƙawarki tana da ɗan gaskiya ta wani ɓangaren, cikin dangin su gyaɗa da almon kashu yana daga cikin masu sitaci da yawa, giram 100 nasa yana ɗauke da wajen giram 30 na sitaci, gyaɗa kuwa kusan 16 ne kuma rabin nata ma harza ce da jiki baya mayarwa suga. Amma waye yake zuba giram 100 a faranti ɗaya? In kika auna giram 60 wa girkin mutum huɗu, kowa ya tashi da ƙasa da giram 5, wannan ba shine zai tayar miki da suga ba.

Abinda nakeso ki kalla da idon basira shine farar shinkafar da ake kawo miki tare da kazar. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa wajen giram 45 ne, kuma kin san ba kofi ɗaya ake zubawa ba. Bayan ita sai miyar da ake kwarara wa kazar, wannan mai ƙyalli mai yauƙi ɗin nan, yawanci akwai suga cokali ɗaya ko biyu a ciki, babban cokali ɗaya na suga giram 12 ne da ɗoriya, ga hoisin sos, wata miyar kwalba mai kauri ta 'yan Chaina, shima zaƙi ne da shi wajen giram 7 a cokali, ga kon fulawa, wato farin garin sitacin masara, da ake kaɗawa dan tayi kauri. Kinga kenan kaza bata da laifi, kashu laifinsa kaɗan ne, shinkafa da zaƙin miya sune masu aikin.

Toh ga yadda zaki yi. Ki samu tsokar kaza rabin kilo, ni dai nafi son cinya da aka zare ƙashi dan tafi maiƙo kuma bata saurin bushewa, amma ƙirji ma yanayi. Ki yanka ƙanana daidai loma, ki yi ƙoƙari girmansu yazo ɗaya dan su nuna tare. In ƙirji ne ki barbaɗa masa bekin soda ƙaramin cokali ɗaya ki cakuɗa ki barshi minti 20, sannan ki wanke shi tas da ruwa ki tsane da tawul ɗin kicin, wannan dabarar ce take sa kazar gidan abinci tayi laushi luƙui, amma fa kar ki manta dashi ya wuce rabin awa kuma kar ki yi ha'inci wajen wankewa, in ba haka ba zaki ji wani ɗanɗano mara daɗi a bakinki.

Miyar kuma a kofi zaki haɗa tun kafin ki kunna wuta: soya sos babban cokali 3, ruwan khal cokali 1, romon kaza rabin kofi, sai ɗan barkono in kinaso. Ba suga ko ƙwaya. Maganar kauri kuma anan nake saɓawa da masu tsanani, zaki ga ana ta cewa sai kin nemo zantan gom, wani farin gari ne da kwatan ƙaramin cokali nasa yake kaurara miya, eh yana aiki amma in hannunki ya zarce kaɗan miyar ta zama wani yauƙi mara kyan gani. Kon fulawa babban cokali ɗaya giram 7 ne, ki raba wa mutum huɗu ko giram 2 bai kai ba kowanne, in ƙaramin cokali biyu kika sa ma ƙasa da haka. Dan haka in ba tsarin kito kike bi ba, wanda ake tsayawa tsakanin giram 20 zuwa 50 a yini, ki sa ɗan kon fulawarki hankali kwance.

Kashu ki fara soya shi shi kaɗai a busasshen kasko wuta kaɗan kina juyawa ba tsayawa, minti uku ko huɗu zaki ga ya fara yin ja a gefe-gefe ƙamshi ya tashi, ki juye a faranti nan take dan in kika barshi a kaskon zai cigaba da ƙonewa ko kin kashe wuta. Sai ki ƙure wuta, mai cokali biyu, ki baza kazar ki ƙyaleta minti ɗaya da rabi ba taɓawa har ƙasanta yayi ja, ki juya, ta nuna ki kwashe. A kaskon dai ki zuba yankakkiyar citta ɗanya da tafarnuwa sakan 20 kawai, sai koren tattasai da brokoli ko seleri da farin gindin lawashi, minti biyu suna ƙaras-ƙaras, ki dawo da kaza, ki sake kaɗa miyar nan saboda garin yana kwanciya a ƙasa, ki zuba ta gefen kasko. Zaki ga ta tafasa ta fara kama jikin naman tana sheƙi, toh a lokacin ki kashe wuta, ki ɗiga man riɗi ƙaramin cokali ɗaya, kashu da koren lawashi su shiga ƙarshe.

A madadin shinkafa ki goga farin kabejin nan mai kama da fure a abin goga karas, ki soya shi da ɗan mai minti huɗu zuwa biyar ba murfi, giram 100 nasa wajen giram 5 ne kacal. Bazan ce miki ɗanɗanonsa ɗaya da shinkafa ba, amma yana shan miya yadda ya kamata kuma ciki yana cika. Wani abu mai muhimmanci, in har an ɗora ki akan allurar insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide, ki faɗawa likitanki kafin ki zaftare sitaci da yawa, dan suga yana iya faɗuwa ƙasa sosai kuma wannan hatsari ne na gaske.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni gwauro ne ina ɗan taɓa girki, na gwada wannan suyar amma kullum sai ruwa ya cika kaskon, kazar ta fito fari fat kamar dafawa nayi, ga tauri. Ko dan bani da wok ne, kaskon nan mai zurfi na 'yan Chaina?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Ba rashin wok bane, kana cika kaskon ne. Murhun gidajen abincin Chaina wutarsa ta ninka ta gas ɗin gida sau da yawa, shi yasa su zasu iya watsa nama da yawa a take ya soyu, kai kuwa da ka juye rabin kilo na kaza mai sanyi lokaci ɗaya zafin kaskon ya mutu, naman ya fara fitar da ruwansa, shikenan ya koma dahuwa a cikin ruwan kansa. Ka raba shi kashi biyu ko uku, kowane yanka ya taɓa ƙarfe da kansa ba wani akan wani ba. Ka tsane naman sosai kafin ya shiga, kayan lambun ma haka in ka wanke ka barsu su tsane. Ka bari kaskon yayi zafi har in ka ɗiga ruwa ya ƙone nan take kafin ka zuba mai, kuma dan Allah ka daina juyawa tun daga sakan na farko, nasan hannu yana ƙaiƙayi amma jan nan da kake nema sai an ƙyale nama ya zauna yake fitowa. A wutar gida ma faffaɗan kasko mai kaurin gindi yafi wok mai zagayayyen ƙasa yi maka aiki. Taurin kuma daɗewa ne a wuta, ƙananan yanka basa wuce minti huɗu zuwa biyar, ka tsaga mafi girman ciki in babu ja ya nuna, in kana da ma'aunin zafi digiri 74 na Salshiyos ake nema.

Tambaya: Anti naga wasu suna zuba wani abu wai Shaoxing a girkin, menene shi kuma dole ne?

Amsa: Giyar shinkafa ce, sunan wani gari ne a lardin Zhejiang inda ake yinta. Ba dole bace sam, kuma zancen wai duk giyar tana ƙonewa a wuta ba haka yake ba a suyar minti biyu. Ki ƙara romo cokali biyu da ɗan khal a madadinta, citta ma tana kashe ƙarnin kaza.

Tambaya: Muna gardama da maigidana, shi yace wannan abincin ba na Chaina bane na Amurka ne, ni nace na Chaina ne. Waye mai gaskiya Anti?

Amsa: Kowa ya riƙe rabi, sai ku yi sulhu. Salon suyar, wato wuta mai ƙarfi da ƙananan yanka da soya sos da citta, na Chaina ne ba tantama, kuma a Sichuan akwai sanannen girkin kaza da gyaɗa da busasshen barkono da ake kira kung pao wanda ɗan'uwan wannan ne na kusa. Shi kuwa kashu asalinsa Brazil ne, Turawan Fotugal ne suka kai shi Indiya a ƙarni na 16 daga nan ya bazu. Inda maigida yake da gaskiya shine a gidajen abincin 'yan Chaina mazauna Amurka girkin yayi suna sosai, har wani mai dafa abinci David Leong ya fito da nasa salon a garin Springfield na jihar Missouri, inda ya buɗe gidan abincinsa a 1963, shi nasa ana tsoma kazar a fulawa ne a soya cikin mai da yawa sannan a zuba miya a kai. Wancan salon mai rigar fulawa shine mai rage sitaci zai kauce wa.

Tambaya: Mahaifiyata tana da hawan jini bayan suga, zan iya yi mata? Kuma yana ajiyuwa?

Amsa: Allah ya bata lafiya ya saka miki da alheri. Anan gishiri ne abin tsoro, babban cokali ɗaya na soya sos yana da sodiyam wajen miligiram 900, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tace babba kar ya kai 2000 a yini. Ki nemi soya sos mai ƙarancin gishiri, ki sa cokali biyu maimakon uku, romon ki dafa da kanki ba dunƙule ba gishiri, kashu ɗin ma ki sayi wanda ba'a barbaɗa wa gishiri ba, sai ki cike gurbin da ƙarin citta da tafarnuwa da khal. Yana kwana uku zuwa huɗu a firji cikin roba mai murfi, amma kashu ki ajiye shi daban a kwalba, sai kin ɗumama kazar tayi zafi sosai sannan ki watsa mata shi a kai, in ya kwana cikin miya laushi yake yi.