An sa gidana a rukunin D, maƙwabtana suna C: ina zan kai kuka?

Malam, ka ce ka sayi gida a Birmingham wata huɗu da suka wuce, kuma harajin ƙaramar hukuma da aka yanka maka ya fi na maƙwabta. To ka hanzarta. A Ingila, sabon mai biyan haraji yana da haƙƙin ƙalubalantar rukunin gidansa (matakin harajin da aka sa gidan bisa darajarsa) cikin wata 6 na farko. Bayan haka sai dai ka roƙi a sake dubawa, in sun ƙi babu ɗaukaka ƙara.

Kada ka wahalar da kanka zuwa ƙaramar hukuma, nata karɓar kuɗi ne kawai. Hukumar ƙiyasta darajar gidaje ta gwamnati, Valuation Office, ce ke sa rukuni, kuma da farashin gida na 1 ga Afrilu 1991 take aiki, ba abin da ka biya bana ba. Rukunin C daga fam 52,001 zuwa 68,000 ne, D kuwa daga nan zuwa 88,000.

Hujja ita ce komai. Shiga shafin gwamnati, sa lambar unguwarku (postcode), rukunin kowane gida zai fito kyauta. Zaɓo gidaje kamar biyar masu kama da naka a girma, shekaru da tsarin gini. A nan mutane ke faɗuwa: sai su kwatanta gidan kan kwana mai fili da gareji da na tsakiyar layi. In an ƙara ɗaki a naka kafin ka saya, wataƙila shi ya jawo bambancin, kuma binciken kan iya ɗaga rukuni sama, har na maƙwabtanka.

Ci gaba da biya kafin a yanke hukunci, in ka ci za a mayar maka da rarar. In suka ƙi, kana da wata 3 ka kai ƙara Valuation Tribunal, kotun da ke sauraron irin wannan ƙara, kyauta ne.