Ina datti ke fitowa a sararin samaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce wani madubin hangen nesa da aka harba sararin samaniya ya fara gani dishi-dishi saboda datti, ni kuwa abin ya ɗaure min kai, can da babu ƙura babu iska daga ina dattin ya fito?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai dattin tare da kumbon ya tafi, daga jikinsa yake fitowa. Ka san ƙamshin nan na sabuwar mota? To roba da gam da fenti ne ke fitar da tururi a hankali, shi ne ma kake ganin gilashin gaba yana yin hazo ta ciki. A can sama da babu iskar da za ta danne shi abin ya fi tsanani, gam da giris da robar wayoyi da bargon da ake lulluɓe kumbo da shi duk sai su yi ta amayar da abin da ke cikinsu, har da danshin da suka tsotsa tun suna ƙasa, tururin kuma duk inda ya tarar da sanyi nan yake maƙalewa, kuma wurin da ya fi sanyi galibi madubi ne da idon kyamara. In hasken rana ya doke shi sai ya yi duhu ya kama daram.

Misali Euclid, madubin hangen nesa na hukumar sararin samaniyar Turai da aka harba a Yulin 2023, ƙanƙara ce ta kwanta a madubinsa, siririya ƙwarai, ko kashi ɗaya cikin dubu na kaurin silin gashi ba ta kai ba, amma ta rage masa gani. A Maris 2024 aka kunna hita aka ɗumama madubin, hasken da yake kamawa ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari. Cassini ma, kumbon da aka aika duniyar Saturn, kyamararsa ta yi hazo a 2001, da ɗumi aka gyara.

Shi ya sa ba a wasa da gwaji, kuma ni a ganina nan ne ainihin aikin yake. Ana saka ɗan yankin kayan da za a haɗa kumbo da su a akwatin da aka zuƙe iskarsa, a gasa shi awa 24 a zafin digiri 125 na ma'aunin Celsius, in nauyinsa ya ragu fiye da kashi 1 cikin ɗari, ko abin da ya daskare a faranti mai sanyi ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, a ƙa'ida an kayar da shi. Wanda ya ci ma sai an sake gasa shi kafin a haɗa. Ruwa ne dai mai taurin kai, ana fito da kayan cikin iska zai sake shiga.