Yaya, ga bayanin kuɗin inshorar Duna

Yaya, na ji saƙon muryar da ka turo, na kuma ji ɓacin ran da ke cikinsa. Ka ce labari ya iso gida wai ina biya wa kare inshora duk wata alhali buhun masara ya gagari mutane. Labarin gaskiya ne. Kuɗin ma ya ƙaru bana, shi ya sa na yi wa Hajiya ƙorafi har maganar ta kai kunnenka.

Ka san dalilin da na kawo karen, Duna. Sau biyu aka fasa mana ƙofar baya a Manchesta, yara suna ƙanana, ni kuma ina aikin dare. Na tambayi malaminmu, ya ce karen gadi yana cikin waɗanda aka yi rangwame a kansu, tare da na farauta da na kiwo. Ba ya hawa kujera, ba ya kusantar inda muke salla, ɗakinsa na bayan gida. Yawancin Hausawan da ke nan ba sa ajiye kare sam, kyanwa ce ta fi yawa a gidajenmu, kuma har yau akwai waɗanda ba sa sakin jiki idan sun zo mana ziyara. Ban taɓa ganin laifinsu ba.

Abin da ba a gani daga gida shi ne, a Ingila dabba ba ta da asibitin gwamnati. Ni idan na kwanta ciwo, hukumar lafiya ta gwamnati, NHS, za ta duba ni ba tare da na ciro ko sisi a wurin ba. Kare kuwa komai daga aljihunka: ganin likita, hoton ƙashi, gwajin jini, tiyata. Jijiyar gwiwa kaɗai idan ta tsinke, aikinta dubban fam ne. Kuma ba ka da ikon ka zuba masa ido ya yi ta fama. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin kare ta daga ciwo da wahala, tun 2021 kuma hukuncin zaluntar dabba yana iya kai wa ɗaurin shekara biyar. Ba za ka kai shi bayan gari ka sake shi ba, domin tun 2016 dole ne kowane kare ya ɗauki 'yar na'ura ƙarƙashin fatarsa mai nuna mai shi. Idan ya ciji wani ko ya jawo haɗari a titi, kai za a nema. Saboda haka mutane ke sayen inshora tun kare yana ɗan kwikwiyo.

Matsalar tana zuwa da tsufa. Duna ya cika shekara 10, kuma jinsinsa, irin karnukan Jamus da 'yan sanda ke amfani da su, sun shahara da ciwon kwatangwalo da amosanin gaɓɓai. Da safe sai ya yi yunƙuri biyu kafin ya miƙe. Kamfani ya san wannan lissafin fiye da ni. Abin da nake biya yanzu ya haura ninki uku na farkon da na shiga, ga harajin kashi 12 cikin ɗari da gwamnati ke ɗorawa a kan inshora. Da ya haura shekara takwas sai suka ƙara wani sharaɗi: ban da kason farko da nake biya a kowace jinya, kashi 20 cikin ɗari na ragowar ma a wuyana yake.

Za ka ce in canja kamfani. Nan ne gaba kura baya sayaki. Sabon kamfani ba ya ɗaukar ciwon da kare ya riga ya zo da shi, ke nan kwatangwalon da ya fi cin kuɗi shi za su cire. Wanda ka shekara goma kana biyansa ya san ba inda za ka, sai ya ɗaga farashi yadda ya ga dama. Wannan ni ban ɗauke shi adalci ba, kuma shi ya fi ci mini rai fiye da kuɗin kansa.

Asibitocin dabbobin su ma sun yi tsada. Hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a Birtaniya ta fara bincike a kansu a 2023, ta gano kusan kashi 60 cikin ɗari suna hannun manyan kamfanoni shida, alhali a 2013 kusan kashi 10 ne kawai. Sai ka ga asibitin unguwa da tsohon sunansa a allo, amma tuni an saye shi. Akwai ƙungiyar agaji ta PDSA, wadda take yi wa dabbobin talakawa magani tun 1917, sai dai ta masu karɓar tallafin gwamnati ce, ni kuma ina da aiki.

A cikinmu ra'ayi ya rabu. Wasu ba su yarda da inshora ba ko kaɗan saboda shubuhar da malamai ke faɗa a kanta, sai su ware kuɗi duk wata a asusu daban, kamar mai zubin adashi shi kaɗai. Dabarar tana aiki ga wanda ya fara da wuri. Ni na makara, ba a kiwon kare ranar farauta. Wasu sun ce in kai shi a yi masa allurar da ba a tashi, kowa ya huta. Likita ta ce bai kai nan ba: yana cin abinci, yana fita, maganin yana riƙe shi. Dabbar da ta kwana tana tsaron iyalina shekara goma, ba zan iya kashe ta don takardar kamfani ta yi nauyi ba. Kai ka karantar da ni hadisin mutumin da Allah Ya gafarta masa don ya shayar da kare ruwa, a zauren Baba, ina ɗan shekara tara.

Na sabunta inshorar bana, na yarda a ƙara kason farko da nake biya domin kuɗin wata-wata ya ɗan sauka. Kuɗin da nake turo wa Inna da na makarantar su Ummi ban taɓa ko kwabo a ciki ba, daga kuɗin motata na rage. Don Allah ka faɗa wa Inna haka da bakinka, kar ta kwana da damuwa. Ka gaida Anti da yara.