Shin Allurar Ƙwayoyin Asali Tana Gyara Faifan Baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direban tirela ne. Hoton MRI ya nuna faifan da ke tsakanin L4 da L5, wato ƙasusuwan ƙasan bayana, ya zaizaye, ciwo yana sauka har ƙafata ta hagu. Wani ya ce a ƙasar waje ana allurar ƙwayoyin asali, faifan ya koma sabo. Ina shirin sayar da gonata in tafi. Me za ka ce? — Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ka lafiya. Malam, kada ka sayar da gonar nan tukuna.

Faifai 23 ne tsakanin ƙasusuwan bayan mutum. Kowanne yana da zobe mai tauri a waje, da tsakiya mai laushi wadda galibinta ruwa ne. Matsalar ita ce jini ba ya shiga cikinsa. Abinci da iska sai sun tsattsafo ta jikin ƙashi. Shi ya sa idan ya lalace da wuya ya koma yadda yake da kansa, kuma ƙwayoyin asali (ƙananan ƙwayoyin halittar jiki masu iya rikiɗa su zama nama iri-iri) da aka ɗebo daga ɓargo ko kitse aka zuba a ciki, da yawansu mutuwa suke yi. Wasu kuma su tsiyaye ta kafar allura. A wani gwaji kan zomaye da aka wallafa a 2012, waɗanda suka tsiyaye sun haifar da tsiron ƙashi a gefen faifan.

Saboda haka masu bincike suke saka ƙwayoyin cikin haidirojel, wani abu mai riƙe ruwa kamar kunun da ya huce ya daskare. Ana haɗa shi daga ciyawar teku ko daga kolajin (wani furotin da ke cikin fata da jijiya), ya riƙe ƙwayoyin wuri ɗaya, ya ɗauki wani ɓangare na nauyi har su fara gina nasu naman. Wannan aiki yana burge ni ƙwarai. A 2018 masana a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka sun ƙera faifai sukutum, suka dasa a wutsiyar ɓeraye da wuyan awaki, kuma ya kama. Amma wuyan akuya bai san nauyin da kwankwasonka ke ɗauka daga Legas zuwa Kano ba.

A kan mutane, kamfanin Mesoblast na Ostareliya ya gwada ƙwayoyinsa a kan majinyata kusan 400. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna raguwar ciwo ga wasu, sai dai bai cika babban ma'aunin da aka gindaya ba, dole aka sake wani gwajin. Ka ga ashe abin yana hannun masu bincike. Duk wanda ya ce maka tabbas zai mai da faifanka sabo, ya faɗi abin da su kansu ba su faɗa ba, kuma raina yana ɓaci idan na ga talaka ya rabu da kadararsa a kan irin wannan alkawari.

Ciwo irin naka yakan lafa cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Ka je Asibitin Ƙashi na Dala ka ga likita da masu gashin ƙashi, su koya maka motsa jikin da ya dace. A hanya ka riƙa tsayawa kana miƙe baya, kada ka ɗaga taya kana sunkuye. Idan kana shan taba ka bari, tana ƙara toshe wa faifan hanyar abinci.

Amma idan fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa kubce maka, ko matsematsinka suka mutu, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa, a ranar za ka tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.