Google na nuna shafin caca da sunan shagona

Tambaya: Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Shekara biyu ke nan da ɗan wana ya buɗe mini shafin intanet, ya ce zai jawo mini masu saye daga Dubai har Landan. Yanzu wani abokin cinikina na Maraɗi ya kira ni, ya ce in ya rubuta sunan shagona a Google adireshin shafina ne ke fitowa, amma rubutun da ke ƙarƙashinsa tallar caca ce. Wani yaro ya ce in ba shi naira dubu 150 ya goge abin. In biya?

Amsa: Alhaji, ko sisi kada ka bayar. Google ba ya ƙirƙiro wannan rubutun da kansa. Na'urarsa ce ke ziyartar adireshi ta kwafo abin da ta tarar.  In har caca ke fitowa, to a adireshinka aka same ta, kuma can ne gyaran yake.

Tambayar da ba ka yi ba ita ce ta dame ni: da sunan wa, kuma da imel ɗin wa aka yi rajistar adireshin nan? Na kusa rantsewa da na ɗanka ne. Nan ka yi sake. Adireshin shafi haya ce ta shekara-shekara. Za ka yarda takardar hayar shagonka ta Kwari ta fita da sunan wani, ko da ɗan cikinka ne? Saƙon tuni na sabunta haya imel ɗinsa yake zuwa, shi kuwa yana can yana harkar gabansa. Ban ce ya cuce ka ba. Ya yi iya taimakonsa, kai ne ba ka karɓi komai a hannunka ba.

Yau ɗin nan ka sa a duba adireshin a WHOIS, wato wurin duba bayanan rajistar adireshi a intanet, kyauta ne. Sunan mai shi kan ɓoyu, amma ranar rajista tana fitowa. In ta nuna watannin nan ne, haya ta ƙare, wani ya saye. In tsohuwar rana ce, mai yiwuwa kutse aka yi wa shafin. Masu kutse kan nuna wa Google shafi daban, kai kuma in ka buɗe ka ga naka lafiya lau, don haka kada hakan ya kwantar maka da hankali.

Sabunta adireshin .com yawanci kimanin dala 10 zuwa 20 ne a shekara. In ya ƙare akwai 'yan makonni na rangwame, sai kwana 30 na fansa da tara mai tsada, sai kwana 5 a sake shi ga duk mai so. Ƙarar ƙwato shi a WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, daga dala 1,500 take farawa, ban da kuɗin lauya. In .ng ne, NiRA, ƙungiyar rajistar adireshin intanet ta Najeriya, ke kula da shi, kuma tana da nata tsarin. Na san wani mai takalma da ya buga adireshinsa a jikin leda da katin shago, suka ɓata da yaron da ya yi masa rajista. Ƙarshenta sabon suna ya saya, ledojin duka suka tashi a banza.

In adireshinka ya tafi, bar shi. Sayi sabo da sunanka, da imel ɗinka, da katin bankinka, ka rubuta ranar ƙarewarsa a littafin da kake rubuta bashi. In kutse ne, kira ɗanka ya miƙa maka kalmomin sirri, a share ɓarnar, sannan a buɗe Search Console, manhajar Google ta masu shafi, da asusunka a nemi Google ya sake leƙowa. A cikinta akwai wurin ɓoye shafi daga bincike na kimanin wata shida, shi ma ba a biyan komai.

Batun Dubai da Landan kuwa, ajiye shi. Shekara biyu, mutum nawa ya taɓa ce maka ta shafin ya zo? Mutanen Maraɗi da ke turo kuɗi kafin su ga kaya su nake ji wa tsoro. Kafin magariba ka tura musu saƙon murya ta WhatsApp cewa lambar asusunka ba ta canza ba, kuma kada kowa ya biya ta wancan adireshin. Ka cire shi daga Facebook da allon shago har sai an gyara.